Wuta Ɗaya, Farashi Ɗari: Yadda Magidancin Houston Ke Cinikin Lantarki

Wanda ya kama hayar gida a birnin Houston na jihar Teksas ta Amurka, tun kafin ya shigar da katifa akwai aikin da ke jiransa: sai ya zaɓi kamfanin da zai riƙa sayar masa da wutar lantarki. Galibi mai gidan ba zai zaɓar masa ba, gwamnati ma ta ce wannan ruwansa ne. Idan ya buɗe shafin intanet na Power to Choose, wanda hukumar kula da harkokin lantarki ta jihar ta tanada, ya rubuta lambar yankinsa, tayi zai zubo masa rututu, wani lokaci fiye da ɗari, daga kamfanoni iri-iri. Wannan ya ce dare kyauta, wancan ya ce Asabar da Lahadi kyauta, wani ya yi alkawarin rangwamen dala 100 kowane wata, wani kuma ya rantse wutarsa daga iska da rana kawai take.

Wutar kuwa ɗaya ce. Falwaya ɗaya, waya ɗaya, mita ɗaya. Duk kamfanin da mutum ya zaɓa, wanda ke kawo wutar har ƙofar gida a Houston da tsibirin Galveston shi ne CenterPoint Energy. Abin da ake ciniki a kansa shi ne farashi da sharuɗɗan biya, kuma a nan ne magidanta da yawa ke tafka asara ba su sani ba.

Asalin kasuwar

A shekarar 1999 majalisar dokokin Teksas ta zartar da dokar da aka fi sani da SB 7, gwamnan lokacin George W. Bush ya sa mata hannu, aka buɗe kasuwar a ranar 1 ga Janairun 2002. Dokar ta tsaga tsoffin kamfanonin lantarki gida uku. Akwai masu tashoshin samar da wuta. Akwai masu wayoyi da turaku, waɗanda har yau kowanne ke riƙe da yankinsa shi kaɗai, hukuma ce kuma ke yanke musu abin da za su karɓa. Sai na uku, 'yan kasuwar da ke sarin wuta su sayar wa gidaje, su ne masu aiko da takardar kuɗin wuta. Hukumar ERCOT ce ke riƙe da ragamar babban layin, wanda ke ɗauke da kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da ake sha a jihar, kuma haɗinsa da sauran layukan Amurka ɗan ƙalilan ne.

Ba duk Teksas ce ke cikin wannan tsari ba. Biranen Austin da San Antonio sun riƙe kamfanoninsu na gari, mutanen Beaumont kuma suna ƙarƙashin Entergy, ba su da zaɓi. Amma a mafi yawan gaɓar teku, daga Houston zuwa Corpus Christi inda wayoyin na AEP Texas ne, kowa shi ke nemo wa kansa mai sayar masa.

Yawan sunayen da ke kan shafin ma yakan ruɗi mutum. Reliant da Green Mountain da Direct Energy duk na kamfanin NRG ne. TXU Energy da Ambit na Vistra ne. Mai saye na iya yin fushi da wani kamfani ya koma wani, ashe aljihun da kuɗinsa ke faɗawa bai canja ba.

Laima ce ke rubuta takardar kuɗin

Kafin a zo maganar farashi, dole a san irin garin. Houston na da nisan kimanin kilomita 80 daga mashigin tekun Meziko, a kan ƙasa shimfiɗaɗɗiya mai yawan fadamu da magudanai. A watan Agusta zafin rana kan kai maki 35 a ma'aunin Salshiyas, wanda mutumin Sakkwato zai ji ya yi dariya. Sai dai zafin Sakkwato busasshe ne, inuwa da ruwan randa na karya shi. Na Houston ya fi kusa da na Fatakwal: da asuba laimar iska kan kusanci kashi 90 cikin 100, gumi ya fito ya ƙi bushewa, dare ya raba amma gari bai huce ba.

Na'urar sanyaya ɗaki a irin wannan wuri aiki biyu take yi a lokaci guda. Tana rage zafi, tana kuma matse ruwan da ke cikin iska. Iskar ɗaki na bi ta kan bututu mai sanyi, ruwan ya taru a jikinsa ya ɗiɗɗige ya fita ta magudana, kuma wannan matsewar wuta take ci. Shi ya sa magidanci ba zai ce bari ya kashe na'urar ya yi tafiyar mako biyu ba, domin zai iya dawowa ya tarar da fumfuna a bango da cikin durowar kaya. Hukumar kare muhalli ta Amurka na ba da shawarar kada laimar cikin gida ta wuce kashi 60 cikin 100. Masu gyaran na'urar sun san wani abin mamaki kuma: wadda ta yi wa gida girma ta fi barin damshi, saboda tana sanyaya ɗakin da sauri ta mutu tun ba ta gama tsotse ruwan ba. Sai mai gida ya ji jikinsa na danƙo, ya ƙara sanyin, mita ta ƙara gudu.

Abin da wannan ke haifarwa shi ne shan wutar da ba shi da tsayayyen ma'auni. Gidan da ya sha yunit 700 a watan Maris, wato kilowat-awa 700, yana iya shan 2,000 a Agusta. Gidajen da ke ɗumama ɗaki da lantarki maimakon gas kuma sukan sake hawa a Janairu. Matsakaicin gida a Teksas na shan sama da yunit 1,100 a wata, alhali matsakaicin Amurka bai wuce kimanin 900 ba, amma wannan matsakaici ba ya faɗa wa kowa komai game da gidansa. Masu tsara tayin sun san da wannan hawa da sauka fiye da masu saye.

Takardar da ba a karantawa

Doka ta tilasta wa kowane kamfani ya haɗa kowane tayi da wata 'yar takarda da ake kira EFL, wadda ke bayyana gaskiyar farashin. A samanta akwai lambobi uku: abin da yunit guda zai tsaya wa mai shan 500 a wata, da mai shan 1,000, da mai shan 2,000. An yi haka ne don a sauƙaƙa kwatantawa. Sai 'yan kasuwa suka gano cewa idon mai saye kan lambar tsakiya yake faɗawa, suka shiga ɗinka tayi yadda zai yi arha ainun a daidai yunit 1,000, ko da zai yi tsada a ko'ina ban da nan.

Ga misali da lambobin da na zaɓa don lissafin ya fito sarai. Kamfani ya sa yunit a kan senti 20, ya ce duk watan da ka sha 1,000 ko fiye zai yafe maka dala 100. A yunit 1,000 cif, kuɗinka dala 200 ne, a cire 100, saura 100. Yunit ya tsaya senti 10 ke nan, kuma wannan ce lambar da za a rubuta da manyan baƙaƙe. Idan ka sha 999 fa? Babu rangwame, za ka biya kusan dala 200. Tsimin yunit ɗaya ya ninka maka kuɗi. Idan kuma Agusta ta zo ka sha 2,000, za ka biya dala 300, yunit ya koma senti 15.

Yanzu a ɗauki shekara sukutum. Gida ya yi wata shida yana shan kimanin 800, wata shida kuma kimanin 1,600, jimla yunit 14,400. A tayin senti 10 ɗin nan zai biya dala 2,280. Da ya ɗauki tayin da ba shi da kwalliya, senti 14 a kan kowane yunit ko nawa ya sha, da dala 2,016 zai biya. Wanda ya ga 10 da 14 ya ɗauki 10 ya yi asarar dala 264, kuma har shekarar ta ƙare yana ganin ya yi wayo.

Akwai gidajen da tayi mai rangwamen nan ke yi wa rana, waɗanda shansu ke tsayawa tsakanin 1,000 da 1,300 kusan kowane wata. A gaɓar tekun Teksas irinsu ba su da yawa.

Dare kyauta ma haka lissafinsa yake. Daga wajen ƙarfe tara na dare zuwa shida na safe ba a caji, amma farashin rana ya ɗaga sosai. Idan na rana senti 24 ne, sai fiye da kashi 40 cikin 100 na shan gidan ya koma dare kafin ya kamo tayin senti 14. Gaskiya ne a Houston na'urar sanyaya ɗaki ba ta hutawa da dare, kuma wanda ke cajin mota mai lantarki ko wanda gidansa ke wuni a kulle yana iya cin riba. Amma gidan da akwai uwa da ƙananan yara ko tsoho a ciki, na'urar na fafatawa da zafin la'asar a daidai lokacin da yunit ya fi tsada. Akwai kuma tayin da ke cin tarar wanda bai sha da yawa ba, wanda ke kama mazauna ƙananan gidajen haya a watannin da gari ya yi daɗi.

Maganin duk wannan yana hannun mai saye, kuma kyauta ne. Mitocin yankin na zamani ne, suna rubuta abin da aka sha kowane minti 15, ana kuma iya ganin lissafin a shafin Smart Meter Texas. Wanda ya ɗauko shan gidansa na wata 12, ya bi su wata-wata da ainihin sharuɗɗan da ke cikin EFL, ya tara, shi ne kaɗai ya san abin da yake saye. Alama mai sauƙi ga wanda ba ya son dogon lissafi: idan lambobin nan uku sun yi kusa da juna, tayin miƙaƙƙe ne. Idan ta tsakiya ta faɗi ƙasa warwas ta bar 'yan'uwanta, akwai lauje cikin naɗi. Shafin Power to Choose ma yana da wurin da za a taɓa a ɓoye tayin masu rangwame da masu hawa-hawa.

Wani kaso na kuɗin ba ya cinikuwa ko kaɗan. Kuɗin dakon wuta na CenterPoint, wato 'yan daloli a wata da kuma senti huɗu zuwa shida a kan kowane yunit a 'yan shekarun nan, ɗaya ne ga kowa, kuma akan sabunta shi a watan Maris da Satumba. Ko tayin da aka ce farashinsa tsayayye ne yana motsawa idan wannan ya motsa. Wasu kamfanoni na haɗa shi cikin lambar da suke tallatawa, wasu na ware shi gefe, don haka sai an duba.

Darasin Fabrairun 2021

Tayi iri biyu ne manya a yau: tsayayyen farashi na wa'adin da aka sa hannu, da kuma wanda kamfani ke iya canjawa kowane wata. Da akwai na uku, kuma labarin mutuwarsa ya cancanci a tsaya a kansa.

Wani kamfani mai suna Griddy ya zo da tsarin da ya burge mutane: ka biya dala 9.99 a wata, a sayar maka da wuta a farashin sari yadda yake a wannan lokacin. A ranakun da iska ke kaɗawa a yammacin Teksas kuma buƙata ta yi ƙasa, wutar kan zama kamar kyauta. Sai sanyin tsakiyar Fabrairun 2021 ya sauka, bututun gas da tashoshin wuta suka daskare, gidaje da shaguna sama da miliyan huɗu da rabi suka shiga duhu. Hukumomin jihar sun ƙirga mutum 246 da suka mutu. Farashin sari ya maƙale kwanaki a ƙololuwar da doka ta yarda a lokacin, dala 9,000 a kan megawat-awa, wato dala tara a kan yunit ɗin da aka saba saye senti goma da 'yan kai. Abokan cinikin Griddy da wutarsu ba ta ɗauke ba sun ga bashin dubban daloli cikin kwanaki, har jaridu suka ruwaito wanda nasa ya haura dala 16,000. Kamfanin ya durƙushe a watan Maris, majalisar jihar ta haramta sayar wa gidaje irin wannan tsari a shekarar, aka kuma sauke ƙololuwar zuwa dala 5,000 daga farkon 2022.

Masu tsayayyen farashi sun sha sanyi da duhu kamar kowa, amma takardarsu ba ta haukace ba. Wannan shi ne abin da ake saye da ɗan ƙarin da ke kan tsayayyen kwantiragi, kuma a garin da ya fi shan wuta a daidai watannin da layin jihar ke numfarfashi, ina ganin ƙarin ya cancanci kuɗinsa. A watan Agustan 2023 buƙatar wuta a layin ERCOT ta haura megawat 85,000.

Kwantiragin na da nasa tarkon, a ƙarshensa. Idan wa'adi ya cika mutum bai yi komai ba, ba a yanke masa wuta, sai a zarce da shi kan farashin wata-wata, wanda galibi ya fi tsada nesa ba kusa ba. Kamfani na aiko da sanarwa kamar yadda doka ta ce, amma takarda ce cikin takardu. Wanda ya fita kafin lokaci kuma akwai tara, sau da yawa daga dala 150 zuwa kusan 300, ko dala 20 a kan kowane watan da ya rage. Doka ta bar ƙofofi uku a buɗe: a kwanaki 14 na ƙarshen kwantiragi ana iya sauya kamfani ba tara, wanda ya tashi daga gidan ba a cin tararsa idan ya kawo shaida, wanda kuma ya sauya kamfani yana da kwanakin aiki uku da zai iya fasawa. Masu bibiyar kasuwar kan ce kada a bari wa'adi ya cika a tsakiyar zafi, domin kwantiragin wata 12 da aka sa wa hannu a Agusta zai sake jefa mutum kasuwa a wata Agustar. Wannan ne amfanin kwantiragi mai wata takwas ko 15 da ake gani a jerin.

Abin da zaɓi ba ya saye

Ranar 8 ga Yulin 2024 guguwar Beryl ta faɗo gaɓar teku kusa da Matagorda. A ma'aunin guguwa tana matakin farko ne, mafi rauni, amma ta kayar da itatuwa kan wayoyi ta raba abokan cinikin CenterPoint sama da miliyan biyu da wuta. Wasu sun haura mako guda a cikin zafi da laima, an kuma samu waɗanda zafin ya kashe. Taswirar kamfanin mai nuna inda babu wuta ba ta aiki tun wata iskar da aka yi a watan Mayu, har mutanen gari suka koma duba manhajar gidan abincin Whataburger, suna gane unguwar da wuta ta dawo daga reshen da ya buɗe. Gwamna Greg Abbott ya caccaki kamfanin a bainar jama'a.

A wannan makon, mai tayin senti 10 da mai senti 18 duk fitilar waya suka kunna. Babu kwantiragin da ke sa a fara gyara layin unguwarka, kuma kamfanin da ke aiko maka takarda ba shi da ko tsani. Kuɗin gyaran ɓarnar guguwa ma daga baya yakan dawo kan kowa ta cikin kuɗin dako, kamar yadda aka yi bayan guguwar Ike ta 2008. Wanda ke da mara lafiya mai amfani da na'urar numfashi yana iya yin rajista ta hannun likita don samun ƙarin kariya daga yanke wuta, amma ita ma rajistar ba ta hana guguwa.

Houston na cikin biranen Amurka da suka fi yawan 'yan Najeriya, kuma sabon zuwa ne ya fi shan wahalar wannan kasuwa. Ba shi da tarihin shan wuta da zai yi lissafi da shi, ba shi da tarihin biyan bashi da kamfani zai duba, don haka akan nemi ya ajiye kuɗin jingina. Doka ta ƙayyade kada jinginar ta wuce kashi ɗaya cikin biyar na kiyasin kuɗin shekara ko kiyasin wata biyu masu zuwa, ta kuma ɗauke ta ga wanda ya kai shekara 65 in ba a binsa bashin wuta. Da yawa kan gudu zuwa tsarin biya-kafin-sha, wanda mun san irinsa a mitocin kati na gida. Ba ya neman jingina, sai dai yunit ɗinsa yakan fi tsada, kuma da kuɗin ya ƙare wuta za ta tafi. Ga mai takardar wata-wata, yana da kwana 16 ya biya, sannan sanarwar kwana 10 kafin a yanke, kuma an hana yankewa a ranakun da hukumar yanayi ta yi gargaɗin tsananin zafi a yankin. Mai haya sabo ya fi dacewa ya ɗauki miƙaƙƙen tayi na gajeren wa'adi, ya ga yadda gidan ke sha, kafin ya ɗaure kansa shekara biyu.

Ko tsarin ya amfani talaka? A 2021 jaridar Wall Street Journal ta yi lissafin cewa tun daga 2004 gidajen da ke yankin kasuwar sun biya dala biliyan 28 fiye da abin da za su biya a farashin tsoffin kamfanonin jihar. Masu kare tsarin na cewa wanda ya iya ciniki yana samun arha, kuma wannan gaskiya ne. Maganganun biyu ba su ci karo ba: arhar mai lura daga aljihun mai mantuwa take fitowa, da tsoho, da wanda Turancinsa bai kai na ƙananan rubutu ba. Har sana'a ta tsiro a tsakani, dillalan da ake biya kimanin dala 10 a wata su riƙa zaɓar wa mutum tayi suna sauya masa idan wa'adi ya cika. Kasuwar da sai an ɗauki hayar mai karanta farashinta, ban ga yadda za a ce ta sauƙaƙa wa mai saye ba. A Najeriya, inda dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon kafa kasuwanninsu, masu rubuta ƙa'idoji za su amfana da sanin cewa lambar da hukuma ta zaɓa don awo ita ce 'yan kasuwa za su fara yi wa dabara.

Mai karatu da ke da ɗan'uwa ko ɗa da ya sauka Houston, ka gaya masa ya buɗe EFL kafin ya sa hannu, ya gwada lambobin uku da juna, ya kuma rubuta ranar cikar kwantiragin a wayarsa da tunatarwar kwana 14 kafin ta zo.